Darasin Lafiya: Tsayawar Fitsarin Dattawa da Aikin Furostet

Domin: Zumuntar maza, zumuntar mata, da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Ana iya raba darasin zama biyu.

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi muna so kowa ya iya:
1. Gane alamun kumburin furostet tun da wuri.
2. Sanin abin da za a yi ran da fitsari ya tsaya.
3. Sanin lokacin da magani ya isa, da lokacin da sai an yi aiki.
4. Shirya mara lafiya domin aiki, da kula da shi bayan ya dawo gida.

GABATARWA

'Yan'uwa, akwai wani ciwo da yake damun iyayenmu maza da yawa, amma ba safai ake maganarsa ba. Dattijo yakan tashi fitsari sau biyar ko shida kafin gari ya waye. In ana taro sai ya zauna kusa da ƙofa. Yakan ƙi shiga motar kasuwa domin tsoron kada fitsari ya matse shi a hanya. Iyalinsa suna gani, amma nauyi ya hana su tambaya, shi kuma kunya ta hana shi faɗi. Sai ran da fitsarin ya tsaya cak da tsakar dare, sannan a shiga neman mota da rancen kuɗi.

Ciwon nan ba ya zaɓen talaka ko mai sarauta. A watan Janairu na 2024, fadar Ingila ta sanar wa duniya cewa Sarki Charles na Uku, yana da shekara 75, zai kwanta asibiti domin a yi masa aikin kumburin furostet. Ya kwana uku a asibiti ya koma gida. In sarki ya yarda a faɗi nasa a rediyo, babu dalilin da zai sa baba ya ɓoye wa ɗansa ko matarsa.

1. MENE NE FUROSTET?

Fitsari yana fitowa daga ƙoda guda biyu, ya taru a mafitsara, sannan ya bi ta wani siririn bututu ya fita waje. A jikin namiji, daidai ƙasan mafitsara, akwai wata tsoka da ta zagaye wannan bututu kamar zobe a yatsa. Ita ce likitoci suke kira furostet. Mata ba su da ita. A jikin saurayi girmanta kamar ƙaramin goro ne, nauyinta wajen giram 20. Aikinta shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi.

Daga shekara 40 zuwa sama, furostet takan soma ƙara girma a hankali. A cikin maza masu shekara 51 zuwa 60, wajen rabi suna da wannan kumburi. A cikin waɗanda suka haura 80, kusan tara cikin goma ne. Sai dai ba dukansu ne yake damu ba. A jikin wasu takan kai giram 100 ko fiye, kamar lemon zaƙi.

Mai noman rani ya san abin da yakan faru in an taka tiyo: ruwa ya ragu a baki, inji kuma ya shiga wahala. Haka furostet take matse bututun fitsari. Mafitsara ita ce injin. Da farko takan ƙara ƙarfi domin ta tura fitsarin. In abin ya daɗe sai ta gaji, ta kasa juye duk abin da ke cikinta.

Mu lura da abu uku:
• Tsufa da sinadarin mazakuta na jiki su ne tushen kumburin. Yakan bi jini a wasu gidaje, kuma ƙiba da ciwon suga suna ƙara shi.
• Yawan kwana da iyali ko rashinsa ba ya kawo shi. Ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani.
• Kumburin furostet dabam, ciwon dajin furostet dabam. Kumburin ba ya rikiɗa ya zama daji. Amma mutum ɗaya yana iya samun duka biyun, alamunsu kuma sukan yi kama. Dajin furostet shi ne dajin da ya fi kama maza a Nijeriya, saboda haka dole likita ya duba ya bambanta su.

2. ALAMU

• Jira kafin fitsari ya fara fitowa, ko sai an yi nishi.
• Fitsari ba ƙarfi, yana zuba kusa da ƙafa, yana yankewa yana dawowa.
• Ɗiga a wando bayan an gama.
• Jin kamar da saura a ciki.
• Yawan tashi fitsari da dare.
• Matsuwa ta gaggawa, har wani lokaci ya zubo kafin a kai bayan gida.

Akwai wasu cututtuka masu kama da wannan. Ciwon suga yana sa yawan fitsari. Ciwon sanyi da aka yi tun ana samari ba a warkar da shi sosai ba yakan bar tabo ya tsuke bututun fitsari. Tsargiya tana kawo jini a fitsari. Kowannensu da irin maganinsa, shi ya sa sayen ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba yakan zama asarar kuɗi da lokaci.

3. IN AN BAR SHI FA?

Ruwan da ya kwanta a kududdufi yakan ɓaci. Haka fitsarin da yake kwana a mafitsara: ƙwayoyin cuta su hayayyafa, a riƙa zazzaɓi da zafin fitsari, tsakuwa kuma ta taru a ciki. Yawan nishi yana iya fito da gwaiwa ko basir.

Mafi haɗari shi ne wanda ba ya ciwo. Mafitsara takan cika ta buɗe a hankali, mara ta kumbura, fitsari ya koma baya ya danne ƙoda. Alamunsa su ne dattijo ya fara fitsarin kwance, ya daina cin abinci, ya riƙa tashin zuciya da kasala da ƙaiƙayin jiki, ƙafafu su kumbura. A gida akan ce tsufa ne kawai, alhali ƙoda ce take lalacewa. In an buɗe wa fitsarin hanya da wuri, sau da yawa ƙodar takan farfaɗo. In an makara, wankin ƙoda ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu nesa ba kusa ba.

4. RAN DA FITSARI YA TSAYA

Mafitsara takan riƙe kamar ruwan leda ɗaya, wato rabin lita. In fitsari ya tsaya takan tara ninkin wannan ko fiye, mara ta yi tauri, mutum ya kasa zama ya kasa kwanciya. Abubuwan da sukan tayar da shi sun haɗa da shan burkutu ko giya da yawa, riƙe fitsari a doguwar tafiya, taurin bayan gida, da wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton, da kuma Tramadol.

Abin yi:
• A kai shi asibiti mafi kusa nan take, ko da dare ne. Kada a jira gari ya waye.
• Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo domin wai a tura fitsarin. Ƙara wa tulun da ya cika ruwa ne.
• Kada a danna marar da ƙarfi, kada a yi tsaga, kada a cusa kara ko wani abu a gabansa.

A asibiti za a sa masa robar fitsari, cikin 'yan mintoci ya sami sauƙi. In robar ta ƙi shiga, akan huda ƙasan cibiya a sa ta kai tsaye cikin mafitsara. Sau da yawa likita yakan ba da magani, bayan 'yan kwanaki a cire robar a gwada. Wasu fitsarin yakan dawo, wasu kuma sai an mayar da ita.

Roba taimakon gaggawa ce. Akwai dattawa a ƙauyukanmu da suka shekara biyu ko uku da jakar fitsari a cikin wando, sun daina zuwa gona, sun daina shiga mutane saboda wari. Yawancinsu aiki ɗaya zai raba su da ita. Kafin lokacin, a riƙa canza robar a kan kari. Irin mai ruwan ɗorawa da aka fi samu, daga mako 2 zuwa 4 ake canza ta. Farar ta silikon takan fi daɗewa. Jakar ta kasance ƙasa da ƙugu kullum, a wanke hannu da sabulu kafin a juye ta.

5. ABIN DA LIKITA ZAI DUBA

Likita zai yi tambayoyi, ya taɓa mara, sannan ya sa safar hannu ya taɓa furostet da yatsa ta dubura. Wannan ne gwajin da maza suka fi gudu, amma bai kai minti ɗaya ba, kuma da shi ake jin girmanta da taurinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za a kuma gwada fitsari, a gwada jini domin ganin lafiyar ƙoda da yawan jini da suga, a yi hoton ciki domin auna furostet da fitsarin da yake saura. Akwai gwajin jini mai suna PSA. In ya hau, ba lallai daji ne ba, domin kumburi da ƙwayoyin cuta da sa roba duk suna iya ɗaga shi. In likita yana da shakka, zai ɗebi ɗan tsokar da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan ne yake raba gardama.

6. BA KOWA NE SAI AN YI WA AIKI BA

In alamun ba su yi tsanani ba, gyaran hali yakan taimaka: rage shan ruwa awa biyu kafin barci, rage giya da shayi da kofi, cin ganye domin bayan gida ya yi laushi, da sake gwada fitsari bayan minti ɗaya ko biyu da gamawa.

Magungunan asibiti iri biyu ne manya:
• Tamsulosin da danginsa suna sassauta tsokar da ta matse bututu. Akan ga sauƙi cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Yana iya sa jiri, saboda haka a riƙa tashi tsaye a hankali. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido yana shansa.
• Finasteride ko dutasteride suna rage girman furostet da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, amma sai an sha wata shida kafin a ga amfaninsu sosai. Suna iya rage sha'awa ga wasu. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe.

Magungunan nan kullum ake shansu, in an daina ciwon ya dawo. Maganin da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa cewa yana narkar da furostet cikin mako ɗaya, babu gwajin da ya tabbatar da shi, wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke ƙara wa nauyi.

7. YAUSHE AIKI YA ZAMA DOLE?

• In fitsari ya tsaya, an cire roba ya sake tsayawa.
• In ƙoda ta fara taɓuwa saboda toshewar.
• In akwai tsakuwa a mafitsara.
• In ƙwayoyin cuta suna yawan dawowa.
• In jini yana yawan zuba daga furostet.
• In an sha magani yadda ya kamata, amma har yanzu ba barci ba sukuni.

8. IRE-IREN AIKI

Wanda ya taɓa ganin ana gyaran duma ya zama ƙwarya zai fahimci aikin nan. Akan kwashe cikin, a bar ɓawon. Haka likita yake cire tsokar ciki da ta toshe hanya, ya bar ɓawon furostet a wurinsa. Ba a taɓa 'ya'yan maraina, ba a kuma yanke gaba. Yawanci allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na 'yan awoyi, mutum yana farke amma ba ya jin zafi.

(a) Kankarewa ta bututun fitsari. A katin asibiti za ku ga an rubuta TURP. Ba a tsaga ciki. Likita yana shigar da siririn ƙarfe mai fitila da madubi ta hanyar fitsari, ya riƙa yankar tsokar kaɗan-kaɗan da wata waya mai lantarki, yana ƙone jijiyoyin jini. An fara wannan hanya a Amurka wajen 1930, har yau kuma ita ce ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi. Ta fi dacewa da furostet mai giram 30 zuwa 80. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a cire roba bayan kwana 1 zuwa 3.

(b) Aikin tsaga mara. Akan tsaga ƙasan cibiya, likita ya ɓare tsokar da yatsa ya fito da ita. Likitoci biyu 'yan ƙasar Ailan masu aiki a Landan ne suka yi suna da shi: Peter Freyer, wanda ya yaɗa hanyar bi ta cikin mafitsara daga 1900, da Terence Millin, wanda ya fito da hanyar bi ta gaban furostet a 1945. Shi ake zaɓa in furostet ta haura giram 80, ko akwai babbar tsakuwa, ko asibitin ba shi da kayan TURP. Har yanzu ana yinsa da yawa a asibitocinmu, kuma yana buɗe hanya sosai. Amma an fi zubar da jini, roba takan kai mako ɗaya ko fiye, kwanciyar asibiti ma haka.

(c) Aikin hasken leza. Shi ma ta bututun fitsari ake bi. Irin da ake kira HoLEP, wanda likita Peter Gilling da abokan aikinsa suka fito da shi a ƙasar Niyu Zilan gab da shekarar 2000, yana iya cire ko da babbar furostet ce, jini kaɗan, kwanciya kaɗan. Yana da tsada, kuma asibitoci ƙalilan ne suke da injinsa.

Akwai wasu sababbin hanyoyi, kamar ƙona tsokar da tururin ruwa ko toshe jijiyar da take kai mata jini, amma ba su yaɗu a wajenmu ba. Wanda ya fi dacewa da kai shi ne wanda ya yi daidai da girman furostet ɗinka, wanda kuma hannun likitanka ya saba da shi.

Ana samun likitocin mafitsara a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Jos, na Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, na Aminu Kano, na Tarayya da ke Gombe, na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, na Maiduguri da na Sakkwato. Wasu manyan asibitocin jiha da na mishan suna yin aikin tsaga mara. Kada a yarda a yi wannan aiki a wurin da babu ajiyar jini, babu mai kula da allurar kashe zafi, babu nas da dare.

9. TAMBAYOYIN DA MAZA SUKE JIN NAUYIN YI

Zan mutu a wurin aikin? Kowane aiki yana da haɗari, musamman zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Amma ga wanda aka shirya shi da kyau, mutuwa a wannan aiki abu ne da ba safai ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka kawo a makare, ƙoda ta taɓu, jini ya yi ƙasa. Yawan shekaru kaɗai ba ya hana aiki, lafiyar zuciya da huhu da ƙoda ake dubawa.

Zan rasa ƙarfin namiji? Yawancin waɗanda suke da ƙarfinsu kafin aiki sukan ci gaba da shi. Kaɗan sukan sami rauni. Wanda ciwon suga ko hawan jini ya riga ya raunana, aikin ba zai dawo masa da shi ba.

Zan sake haihuwa? A nan dole a faɗi gaskiya. Bayan TURP, wajen mutum biyu cikin uku maniyyinsu yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito waje, bayan aikin tsaga mara ma abin ya fi haka yawa. Ba ya cutarwa, yakan fita tare da fitsari, jin daɗin saduwa ma yana nan. Amma samun ciki yakan yi wuya. Wanda yake neman haihuwa ya gaya wa likita kafin a sa ranar aiki. Matar gida ita ma ta ji wannan bayani daga bakin likita, domin rashin saninsa ya jawo zargi a gidaje da dama. Kada kuma a ɗauke shi hanyar tazarar haihuwa, domin ba tabbas.

Fitsari zai riƙa zubo mini? A makonnin farko matsuwa da ɗiga sukan faru, su kuma wuce. Waɗanda zubar take zame wa ta dindindin ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.

Zai dawo? Yana iya dawowa, tun da ɓawon yana nan. Bayan TURP, wajen mutum ɗaya cikin goma yakan bukaci a sake taɓa shi cikin shekara 8 zuwa 10. Wasu kuma tabo yakan tsuke bututun, a buɗe shi da ƙaramin aiki. Daji ma yana iya fitowa a ɓawon da ya rage, saboda haka ba a daina zuwa dubawa.

10. SHIRI KAFIN AIKI

• A kai wa likita dukan magungunan da baba yake sha, har da na gargajiya. Aspirin, clopidogrel da warfarin suna tsinka jini. Likita ne zai faɗi ranar dainawa, kada a daina da ka.
• A daidaita hawan jini da suga, a kashe ƙwayoyin cutar fitsari tukuna.
• A shirya masu ba da jini tun da wuri. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai ruwan leda ɗaya ba, jiki kuma yana mayar da shi.
• A nemi lissafin kuɗi a rubuce: gwaji, aiki, gado, magani, jini. A ƙara kuɗin mota da abincin mai jinya. A biya a wurin biya, a karɓi rasit.
• Mai katin inshorar lafiya ya tambayi abin da katin ya ɗauka. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta shafi kowane ɗan Nijeriya, jihohi kuma suna da hukumominsu, kamar PLASCHEMA a Filato da KADCHMA a Kaduna.
• In likita ya ce ba gaggawa, bayan kaka ya fi dacewa da manomi: akwai abin sayarwa, akwai lokacin hutu kafin damina. In ya ce ƙoda ta fara taɓuwa, ba a jiran girbi.
• Ranar aiki ba a cin abinci awa 6 kafin a shiga, ko yadda nas ta faɗa.

11. BAYAN AIKI

A ranar farko za ku ga an rataya ledojin ruwa suna shiga ta robar suna fita da launin ja-ja. Wanke mafitsara ake yi domin kada jini ya daskare ya toshe hanya. Mai jinya ya sa ido: in ruwan ya daina fita, ko mara ta kumbura, ya kira nas nan da nan.

A gida:
• Ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, wato leda 4 zuwa 6, sai in likita ya hana saboda zuciya ko ƙoda.
• Mako 4 zuwa 6 ba noma, ba faskare, ba ɗaukar buhu, ba hawa keke ko babur, ba kwana da iyali. Tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan kowace rana tana da kyau.
• Miyar kuka, kuɓewa, zogale, gwanda da lemo, domin kada a yi nishi a bayan gida. A bar giya.
• Ɗan jini a fitsari yakan ɗauki makonni, yakan kuma ɗan ƙaru wajen kwana 10 zuwa 14, lokacin da ɓawon gyambon ciki yake faɗuwa. A huta, a ƙara shan ruwa.
• Domin rage ɗiga: a matse dubura kamar mai riƙe iska, a ƙirga biyar, a saki. Sau goma, safe da rana da dare.

A koma asibiti ba jinkiri in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: fitsari ya tsaya, jini jajur ko guda-guda, zazzaɓi da rawar sanyi, maraina sun kumbura, ɗinki yana ruwa ko mugunya, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana wuya.

Tsokar da aka cire ana kai ta ɗakin gwaji. Mutane da yawa da zarar fitsari ya dawo sai su manta da sakamakon. A koma a karɓa, a kai wa likita, domin wani lokaci a nan ake gano daji tun yana ƙarami, lokacin da magani yake cinsa.

12. ABIN DA JAMA'A ZA SU IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da yake hana dattawanmu aiki bai wuce uku ba: kunya, tsoro da kuɗi. Dattijon da aka yi wa aiki ya warke, in ya yarda ya yi wa tsararrakinsa bayani, maganarsa ta fi ta kowane ma'aikacin lafiya shiga. Matasa suna iya rubuta sunayen masu niyyar ba da jini, su kuma yi wa mai jinya gayya a gonarsa. Ƙungiya tana iya ware mudu ɗaya-ɗaya na hatsi da kaka domin asusun marasa lafiya. Kowace unguwa ta san direban da za a tasa da dare. Mata kuwa su ne suke fara gani, tun da su suke wanki, su suke jin ƙarar ƙofa da dare. Inna ta sami lokacin da ba kowa, ta yi wa maigida magana cikin ladabi, ko ta gaya wa babban ɗa. 'Ya'ya kuma kada a yi wa baba faɗa ko dariya saboda warin fitsari. A ce, “Baba, mu je a duba, akwai magani.”

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Da wane suna ake kiran wannan ciwo a yarenmu? Me mutane suke cewa yana kawo shi?
2. Me ya sa fitsarin kwance ga dattijo yake bukatar zuwa asibiti da sauri?
3. In fitsarin wani ya tsaya yau da dare a ƙauyenmu, ina ne wuri mafi kusa da ake sa roba? Awa nawa ne, kuma wa zai kai shi?
4. Waɗanne abubuwa ne ya kamata miji da mata su ji tare daga bakin likita kafin aiki?
5. Akwai masu ɗauke da roba fiye da wata uku a cikinmu? Me ya hana a yi musu aiki, kuma wanne ne za mu iya ɗauke musu?

AIKIN WANNAN WATA

A zaɓi mutum biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya, su je asibitin da ya fi kusa su tambayo abu huɗu: ko ana sa robar fitsari da dare, wace rana likitan mafitsara yake ganin mutane ko ina ake turawa, wane irin aikin furostet ake yi, da kuɗin kowanne. Su kawo amsar a rubuce a zama na gaba, a karanta wa kowa, a ajiye takardar wurin ma'aikacin lafiya na ƙauye.